Rumfar Leda a Bakin Bazara

Duk shekara idan Fabrairu ya raba tsakiya, hazo ya fara janyewa, yara suka daina zuwa aji da rigar sanyi, to mu kuma aiki ya same mu a bayan gida. Can muke da ɗan lambu mai komi shida, wanda ba sha'awa ce ta sa muka fara shi ba, albashin malamin makaranta ne ya kasa kai cefane ƙarshen wata.

A wani littafin noma na Ingila muka ga hoton rumfar leda, wato ƙarafa a lanƙwashe kamar baka, an lulluɓe su da farar leda. Su can watan Maris ne mafarin aiki. Sanyi yana sassautawa sai su wanke ledar don haske ya ratsa, su yi renon tumatir da barkono a ciki, domin a fili sanyi kan iya kashe iri har cikin Mayu. Mu kuwa da karambani muka sayo rodi muka kafa tamu. A Disamba da Janairu ta yi mana rana, don iskar hunturu ba ta taɓa irinmu ba. Sai wata Litinin cikin Maris muka tafi makaranta muka bar ƙofarta a rufe. Da muka dawo bayan azahar, irin tumatir da attaruhu duk sun kwanta kamar an turara su. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ai da ka faɗa da wuri, da na daka ƙuli-ƙuli mun yi kwaɗo."

To, 'yan'uwa, laifin ba na littafin ba ne. Leda riƙe zafi take yi, ga shi a Kano zafin Afrilu kan kai digiri 40, alhali shi tumatir da zarar an haura 35 furensa yake fara kaɗewa.

Saboda haka yanzu aikinmu na farko shi ne yaye ledar, a ninke, a ajiye ta sai Agusta, lokacin da za ta kare sabon iri daga dukan ruwan sama. A kan ƙarafan sai mu ɗora zana. Latas da ya yi tsiri ya koma ɗaci mu tuge, mu zuba ruɓaɓɓen kashin awaki (ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi), mu shuka alayyahu da kuɓewa da yakuwa, mu rufe ƙasa da buntun shinkafa don laima ta daɗe. Tsofaffin karan tumatir kuwa ƙonewa muke yi ƙurmus. Wanda ya ga abin da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta yi wa gonakin Kano da Kaduna a 2016 ba sai an gaya masa dalili ba. Cikin naman ganye take ɓuya, inda feshi bai cika kaiwa ba.

Saura rigimar ruwa. Rijiya tana ja da baya, muna ƙara wa guga igiya, kuma kowane bokiti da ya tafi lambu daga bakin wanki da girki aka ƙwace shi. Bara sai da muka yi kwana biyu ba ma ga maciji da uwargida a kan haka. Bana mun daidaita: komi uku za mu raya, da asuba, da ruwan alwala da na wankin shinkafa. Sauran ukun mun lulluɓe su da buntu, su jira ruwan farko.