Zumunci A Ƙafa Yake: Zagayen Unguwannin Ankara Da Idon Tsofaffinmu

Duk wanda ya tashi a zango ya san maganar nan ta magabata cewa zumunci a ƙafa yake. Mukan faɗe ta ne idan za mu yi wa ɗan'uwa ƙorafin ya daina zuwa gaisuwa. To, amma idan ƙafar ta tsufa fa, ko kuwa hanyar da za ta bi ta toshe, ina zumuncin zai kwana? Wannan tambaya ce ta sa a wannan wata muka zaga wasu unguwannin jama'armu a birnin Ankara, daga Sabon Zango zuwa Nima, sa'an nan Madina da Adenta, muna duban tituna da lunguna da idon dattijo ɗan shekara 70 wanda gwiwa ta fara ba shi wahala.

Kafin mu kama hanya, bari mu faɗi dalilin tafiyar. Akwai wani ciwo da likitoci ke kira ciwon damuwa. Ba baƙin cikin kwana ɗaya ko biyu ba ne. Mutum ne zai yi mako 2 ko fiye zuciyarsa a ƙuntace, abin da yake so da ya daina ba shi sha'awa, barci ya gagara, abinci ya fita ransa, jiki ya mutu. A wurin tsofaffi yakan ɓuya a bayan ciwon jiki da mantuwa, sai 'ya'ya su ce ai tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba su ne kan gaba. Ta kuma sa kaɗaici cikin manyan abubuwan da ke jawo su. A nan Ghana, ƙidayar shekarar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan 2. Iyayenmu da kakanninmu suna cikin wannan adadi.

Mun fara da Sabon Zango, kusa da Abossey Okai, unguwar da Malam Bako ɗan Malam Naino ya kafa a farkon ƙarni na 20, bayan da tsohon zango na tsakiyar gari ya yi wa jama'a kaɗan. Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne kusancin kome da kome. Daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa 'yan taku ne. Mai koko da ƙosai tana bakin lungu, mai shayi yana gabanta kaɗan, tela da wanzami suna daura da su. Dattijon da ya fito sallar asuba, kafin ya koma gida ya gaisa da mutum goma. "Baba, ina kwana?" "Alhaji, yaya ƙafar?" Ba wanda ya shirya wannan gaisuwa, hanya ce ta haɗa su. Sau biyar a rana kiran salla yana fitar da shi daga ɗaki, in kuwa aka yi sahu biyu ba a gan shi ba, za a tura yaro ya leƙa.

Sai dai Sabon Zangon ma ta sauya. Gidaje da yawa da suke da zaure a da, inda maigida ke zama da baƙinsa, yanzu an mai da zauren ɗakin haya ko kanti, domin wurin kwana ya yi tsada a Ankara. Zaman ya koma kan benci a bakin titi, inda rana ke duka, babura kuma suna wucewa a guje. Duk da haka bencin yana nan, kuma wanda ya zauna a kansa ba ya rasa abokin hira.

Daga nan muka hau trotro zuwa Nima. Tarihi ya nuna Malam Amadu Futa ne ya fara zama a wurin cikin shekarun 1930, jama'a suka yi ta biyo shi daga arewacin Ghana da ƙasashen maƙwabta. Ba a yanka unguwar da igiyar awo ba, kowa ya gina inda ya samu, shi ya sa lungunanta suke a murɗe, wasu ma mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace. Mota ba ta shiga yawancinsu, kuma wannan alheri ne ga tsoho, domin lungun ya zama kamar tsakar gida. Tsofaffin mata suna zaune a bakin ƙofa suna tsinke kayan miya, jikoki suna wasa a gabansu, mai wucewa kuma dole ya yi sallama.

Amma Nima a kan gangare take, ta sunkuya zuwa babbar kwatar da ta raba ta da Maamobi. Ƙananan kwatoci, waɗanda muke ce wa gota, suna bin tsakiyar lunguna, da yawansu a buɗe, an ɗora musu katako ko guntun siminti. Saurayi zai tsallake bai ma lura ba. Hajiya mai ciwon baya kuwa sai ta tsaya ta yi lissafi. Da damina ƙasa ta yi santsi, da dare kuma ba fitila a lungu. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, tsoron sake faɗuwa ya isa ya zaunar da shi a ɗaki, ko da ƙashinsa bai karye ba. Haka za ka ga mutum yana tsakiyar dubban jama'a, yana jin hayaniyarsu ta taga, amma rabonsa da gidan suna ko zaman makoki ya yi watanni. Sa'an nan ga babban titin Nima da aka fasa cikin shekarun 1970, wanda ya ci gidaje da dama, ya kuma raba maƙwabta gida biyu. Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, ƙetare shi aiki ne ko ga mai ƙarfi.

Abin da muka gani da ido, masana sun auna shi a wasu ƙasashe. Wani masanin tsara birane mai suna Donald Appleyard ya kwatanta tituna uku a birnin San Faransisko na Amurka, ya buga sakamakon cikin littafi a shekarar 1981. Ya samu cewa mazauna titin da motoci ba su da yawa suna da abokai a titinsu kamar ninki uku na mazauna titin da motoci suka cika. A shekarar 2007 kuma, wani bincike a yankin birnin Siyatil ya nuna tsofaffin maza da ke unguwannin da ake iya biyan bukata da ƙafa sun fi sauran ƙarancin alamun ciwon damuwa. Ba a ce titi kaɗai ke kawo ciwon ba. Talauci da rashin lafiya da mutuwar miji ko mata duk suna da nasu kaso. Amma titi shi ne ke yanke hukunci ko wanda waɗannan abubuwa suka same shi zai ga fuskar mutane yau, ko kuwa zai wuni shi kaɗai da tunaninsa. Tafiyar kanta ma magani ce, domin motsa jiki yana rage nauyin zuciya.

Da muka isa Madina, sai muka tarar da titi iri dabam. Babbar hanyar da ta tashi daga Tetteh Quarshie ta bi ta Madina zuwa Adenta mai faɗi ce ƙwarai, an yi ta ne domin mota ta yi gudu. An buɗe ta ba a gama gadojin masu tafiya a ƙasa ba, aka yi ta asarar rayuka, har a watan Nuwamba na shekarar 2018 jama'ar Adenta suka tare hanya bayan mota ta kashe wata ɗaliba. Daga baya aka kammala gadojin. Mun gode Allah da hakan. Sai dai duk wanda ya hau gadar Zongo Junction ya san tsawon zagayenta. Ɗan makaranta zai haye yana wasa, amma mai hawan jini da sanda a hannu zai tsaya hutawa sau uku. Inda kuma aka sa fitilar ba da hannu, akan auna lokacinta da saurin mita 1.2 a daƙiƙa, alhali bincike a Ingila a shekarar 2012 ya nuna yawancin waɗanda suka kai shekara 65 ba sa kai wannan sauri. Ƙarshenta, aminin da ke wancan gefen titi ya zama kamar yana Kumashi.

Bayan Adenta, da wajen Amasaman da Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya fito, nan ne 'ya'yanmu da Allah ya buɗa wa suke gina sababbin gidaje, musamman waɗanda ke Jamus da Amurka. Gidaje ne masu kyau, da famfo da bayi a ciki, abin da tsohon zango bai ba iyayenmu ba. Ɗa yakan ɗauko mahaifiyarsa daga lungu ya kawo ta nan da kyakkyawar niyya, kuma Allah ya saka masa. Amma mu dubi wurin da idonta. Katanga ta fi tsayin mutum, ƙofar ƙarfe a kulle, titi dogo ba inuwa ba wurin zama, maƙwabci ya fita da mota tun asuba. Masallaci da kasuwa sai an hau abin hawa. Da masu gida sun tafi aiki, yara sun tafi makaranta, sai ita da talabijin. Wadda take gaisawa da mutum hamsin a rana ta koma jiran ƙarar waya. Idan ta fara cewa a mai da ita Nima, sai a ce rigimar tsufa ce, ko rashin godiya. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana.

To, mene ne abin yi? Ba muna cewa a bar tsofaffi cikin ɗaki mai yoyo a bakin kwata ba. Muna cewa duk mai neman fili domin iyayensa, kafin ya tambayi kuɗin fili, ya taka da ƙafarsa daga wurin zuwa masallaci da mai kanti mafi kusa, a hankali, kamar yadda mahaifinsa zai taka. Mai gini ya bar dakali a ƙofar gida, ya dasa itace guda. In iyaye sun fi son tsohuwar unguwa, gyara musu ɗakin da suke ciki da sa musu bayi zai fi musu amfani a kan bene a bayan gari.

A cikin zango kuma, aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin matasa da ke zama a bakin lunguna za su iya rufe gotar da ke gaban gidan tsoho, su sa ƙwan lantarki a kwana, su kafa ƙarfen riƙewa a gangare. Limamai da sarakunan zango su riƙa tambayar wanda aka daina gani a sahu, mata kuma a makarantun Islamiyya su duba wadda ta daina zuwa. Idan wakilin unguwa a majalisar gunduma ko ɗan majalisa ya zo da albishir na sabon titi, mu tambaye shi ta ina tsohuwa za ta ƙetare, kuma ina za ta zauna ta huta. An yi Ma'aikatar Raya Zango a shekarar 2017, aka rushe ta a 2021, saboda haka bakinmu ne zai tuna wa hukuma da wannan magana.

Wanda kuwa alamun ciwon suka riga suka bayyana gare shi, a haɗa addu'a da asibiti. Ciwon damuwa yana da magani, kuma ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Tun bayan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta shekarar 2012 aka ƙara kawo wannan aiki kusa da jama'a, ba sai an je Pantang ba, domin asibitocin gundumomi da yawa suna da ma'aikatan wannan fanni. Masu shekara 70 zuwa sama kuma an ɗauke musu kuɗin shekara na inshorar lafiya ta ƙasa.

Iyayenmu sun taka ƙasa mai nisa kafin su kafa waɗannan unguwanni, wasu da fataucin goro, wasu da shanu, wasu da allo a hannu. Yanzu tafiyar da ta rage musu ba ta wuce daga ƙofa zuwa masallaci da gidan maƙwabci ba. Haƙƙinsu ne a kanmu mu share musu wannan 'yar hanya. Allah ya ba su lafiya, ya sa mu gama da su lafiya, mu ma ya ba mu masu duba mu. Amin.