Yaronmu Na Son Tuƙin Jirgin Sama

Bayan sallar Juma'a muka taru a zauren gidanmu da ke zangon Kumasi, saboda ɗan marigayi yayanmu ya gama sakandare, ya ce shi sai tuƙin jirgin sama. Gwaggonsa ta yi dariya, ta ce wanda ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba. Amma yaron ya zo da takardu, aka miƙo mana mu karanta, tun da mu ne malaman makaranta a gidan.

Ashe hanya biyu ce. Ta farko karatun bai-ɗaya: yaro ya shiga makaranta guda bai san komai ba, ya zauna wata 18 zuwa shekara biyu ba ya wani aiki, ya fito da lasisin tuƙin haya. A ƙa'idar Turai zai yi horon tashi na awa 195. Ta biyu ita ce daki-daki: ya fara da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, mai awa 45, ya riƙa tara awoyi har su kai 200, ya ci jarrabawa 13, ya koyi tuƙi da na'ura cikin gajimare, kowane mataki a biya shi daban. Lasisin da ake samu a ƙarshe iri ɗaya ne, kuma ko ta ina ka bi, sai ka cika awa 1,500 kafin a ba ka babban lasisin da ake zama kyaftin da shi.

Baba Alhaji, ƙanin mahaifinmu, ya ce a yi ta ta ƙare, a sayar da filin da marigayi ya bari a biya ta farko. Ba mu raina maganarsa ba. Duk wanda ya riƙe alli ya san ɗalibin da ya yi wata uku a gida ba ya dawowa yadda ya tafi, kuma hannu ma yana mantuwa kamar kai. Ga shi daki-dakin yana da agogo: idan ka fara jarrabawar, wata 18 gare ka ka gama, sannan wata 36 ka karɓi lasisi, in ba haka ba ka sake daga farko. Mun san gidaje nawa a unguwar nan da aka kai linta aka tsaya, ciyawa ta cinye su.

Sai dai filin nan ba na yaron kaɗai ba ne. Akwai ƙannensa mata uku, gadonsu ne su ma. Muka ce, "Baba, a yi mana haƙuri, in makarantar ta rufe fa?" Ba zato muke yi ba. A 2023 makarantu biyu a Birtaniya, Tayside Aviation da FTA Global, sun durƙushe, ɗaliban da suka biya kuɗi a gaba suka rasa. Idan haka ta faru da maraya daga Kumasi, wa zai bi masa haƙƙi a can? Kuma ba mu manta 2022 ba, da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta wuce 14 kafin shekara ta ƙare. Aikin ma ba a ajiye yake ba. Mun ga rushewar Ghana Airways a 2005 da idonmu.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, mun yi awa biyu muna gardamar kuɗi, babu wanda ya tuna da likita. Yaron ne ya ɗaga hannu kamar a aji ya ce, "Baffa, in ido bai bambance ja da kore ba, duk maganar ta mutu." Akwai gwajin lafiya na musamman da ake yi wa matuƙan haya, ido da kunne da zuciya.

Aka tsaya a kan ya fara ganin likita. In ya wuce, a yi masa matakin farko da kuɗin susu da gudummawar 'yan'uwa na Legas da Hamburg, ba za a taɓa filin ba, kuma ba zai zauna jarrabawa ba sai an ga kuɗin mataki na gaba. Baba Alhaji bai gamsu ba, ya ce za mu tsufa muna jira. Mai yiwuwa ne. Uwar yaron dai ta kwance bakin zanenta, ta ajiye kuɗin likita a kan tabarma, daga cinikin koko da ƙosai.