Gashin Kuza: Ƙarfen da ke Tsiro a Cikin Na'urorinmu

Kakana ya yi aikin haƙar kuza a Bukuru tun yana ɗan saurayi. A shekarar 2013, ina sabon shiga aikin jarida, na zauna da shi kwana uku a zaurensa da ƴar rikoda a hannuna. Ya ba ni labarin ramuka, da kwanon ƙasa da ake ɗauka a ka tun hantsi har la'asar, da yadda aka riƙa tattaro mutane daga masarautu da ƙarfin tsiya bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza ta juyo kan tsaunukan Jos. Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa. Na cire batiran rikodar na ajiye ta a aljihun tebur, ina cewa wata rana zan zauna in rubuta hirar. Shekara goma suka wuce ban zauna ba.

Bara na ɗauko ta, na sa mata sabbin batira, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ba ta da katin ajiya da za a zare, muryar tana can cikinta. Na kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wajen wani matashi da aka ce yana da haƙuri da tsofaffin kaya. Ya buɗe ta, ya duba bai ga alamar ƙuna ko ta ruwa ba, sai ya sa allon cikinta, wanda suke kira fanel, a ƙarƙashin madubin da yake ƙara girman ƙananan abubuwa. Ya daɗe yana juya shi, can ya ce, "Yallaɓai, zo ka ga wani abu." A bakin wani mahaɗi inda siririyar waya mai faɗi take shiga, wani zare mai ƙyalli ya tashi daga ƙafa ɗaya ya kwanta a kan ta kusa da ita. Ya hure shi bai motsa ba, domin a jikin ƙarfen yake. Ya ɗauki hotonsa, ya sa ɗan burushi ya karya shi, ya mayar da batira. Rikoda ta kama.

Na tura hoton ga wata abokiyar karatuna da ke koyar da injiniyancin ƙarafa. Amsarta ta zo a taƙaice: gashin kuza ne. Daga nan na shiga karatun da ya haifar da wannan rubutu.

Sai na fara raba abu biyu da bakinmu yakan cakuɗa. Kuza farin ƙarfe ne mai laushi, marar saurin tsatsa. Dalma kuwa ƙarfe ne mai nauyi, kuma guba ce. Kusan duk wani ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke cikin waya ko rediyo ko kwamfuta yana da ƙafafu na jan ƙarfe, kuma ana shafa musu kuza sama-sama don kada su yi tsatsa kuma su karɓi liƙi. Abin da ake liƙa su da shi a kan allo, shekaru da dama, gauraye ne na kuza kashi 63 da dalma kashi 37, wanda ke narkewa a digiri 183.

Matsalar tana cikin wannan shafen ne idan kuza ce zalla. Ƙwayoyin zarra na jan ƙarfen da ke ƙasa sukan kutsa cikin kuzar a hankali, su haɗu da ita su samar da wani sabon gauraye da ke neman wuri a tsakanin ƙwayoyinta. Sai kuzar ta shiga matsi. Zafi da sanyi suna ƙara matsin, domin ƙarafan biyu ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna. Laima ma tana ƙarawa, haka nan dannawa irin ta mahaɗin da ke cikin rikodata. Kuzar da aka matse takan sami wani ɗan gurbi ta riƙa turo kanta waje, daga gindi take ƙaruwa kamar gashin mutum. Kaurin zaren yakan tsaya a ƴan maikiron kaɗan, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, ke nan gashin kanmu ya ninka shi kauri sau goma ko fiye. Amma tsawonsa yana iya kai milimita da yawa, kuma yana ɗaukar wuta. Idan ya taɓa ƙafar da ke maƙwabtaka da shi, wuta ta sami gadar da mai ƙira bai gina ba. Yana iya fitowa cikin kwanaki, yana iya yin shekaru bai motsa ba sannan ya tsiro.

Abin ba sabo ba ne. A shekarun 1940 aka fara lura da irin wannan gashi a jikin kayan rediyon soja da aka shafa wa ƙarfen kadmiyam, daga baya kuma aka same shi a jikin kuza a kayan layukan tarho na Amurka. Masu bincike na Bell Labs suka bi diddiginsa, kuma a shekarun 1950 suka gano maganin da ya zama ƙa'ida: idan aka gauraya kuza da ɗan kason dalma, gashin yakan lafa kusan gaba ɗaya. Dalmar tana sauya yadda ƙwayoyin kuzar ke jeruwa, ta ba matsin hanyar bajewa maimakon ya taru a wuri guda. Kusan shekara hamsin masana'antu suka dogara da wannan, har akasarin injiniyoyi suka manta da cutar saboda magani yana aiki.

Inda aka yi sake aka bar kuza zalla, takan tuna musu. Ranar 19 ga Mayun 1998 tauraron ɗan'adam mai suna Galaxy IV ya kauce daga saitinsa, mafi yawan ƴan na'urorin karɓar saƙo da ake kira feja a Amurka suka yi shiru, ciki har da na likitocin da asibitoci ke kira da su. Tauraron yana da kwamfutoci biyu masu sarrafa shi, dukansu suka gaza, kuma bincike ya danganta gazawar ɗaya daga cikinsu da gashin da ya tsiro a jikin wani makunni mai shafen kuza. A sararin samaniya haɗarin ya fi girma, domin inda babu iska zaren yana iya ƙonewa ya zama tururin ƙarfe mai ɗaukar wuta ninkin-ba-ninkin abin da shi kansa zai iya ɗauka. A watan Afrilun 2005 kuma, wani rukuni na tashar nukiliya ta Millstone da ke jihar Konetikat ya kashe kansa bayan wani gashin kuza a allon na'urar tsaro ya aika da saƙon haɗarin da babu shi.

Ana cikin haka Tarayyar Turai ta kafa dokar RoHS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2006, ta taƙaita dalma a yawancin kayan lantarki zuwa abin da bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. Da yake masana'anta ba ta son ƙera kaya iri biyu, kusan duniya duka ta bi. Aka koma liƙi da gaurayen kuza kashi 96.5, azurfa kashi 3 da jan ƙarfe kashi 0.5, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 217 yake narkewa, ƙafafun kayan kuma da yawansu suka koma shafen kuza zalla. Maganin da Bell Labs ta samo ya fita daga hannu.

Da na karanta koke-koken wasu injiniyoyi a kan wannan doka, na fahimci damuwarsu, amma ban iya goyon bayansu ba. Duk ɗan jaridar da ya tashi a Arewa ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Fiye da yara 400 suka rasu. Waccan dalmar daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga kayan lantarki ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ta tambayar daga ina ta zo. Tsofaffin kayan lantarkin ƙasashe masu arziki kuwa sukan ƙare a wurare irin su bolar kasuwannin Legas, inda matasa ke fasa su suna ƙonawa. Cire dalma daidai ne. Sai dai kowane gyara da kuɗinsa, kuma kuɗin wannan ya faɗa kan ɗakunan bincike.

Abin da masu binciken suka samu dabarun rage haɗari ne da ake haɗawa. Ana sa shafen nikel tsakanin jan ƙarfe da kuza don ya tare kutsen. Ana gasa kayan a digiri 150 na awa ɗaya jim kaɗan bayan shafe, don gaurayen da ke tsakani ya shimfiɗu bai-ɗaya. Ana fifita kuza mai dishi-dishi a kan mai sheƙi, domin mai sheƙin ta fi ɗauke da matsi. Ana lulluɓe allon da siririn rufi irin na roba. Ko ɗaya daga cikinsu bai kai dalma ba, shi ya sa hukumar NASA har yau take neman aƙalla kashi 3 na dalma a shafen kayan da za ta harba sama, dokar Turai ma ba ta shafi kayan soja da na sararin samaniya ba.

Sashen da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gwaji. Ƙungiyar JEDEC, mai tsara ƙa'idojin masana'antar, ta fitar da hanyar auna wannan haɗari. Ana ajiye samfuri awa 4,000 a digiri 30 da laima kashi 60, wani kuma awa 4,000 a digiri 55 da laima kashi 85. Na uku ana yi masa sintiri tsakanin tsananin sanyi da zafin digiri 85 har sau 1,500. Lokaci-lokaci a fito da su a duba, a auna gashin da ya fi tsawo, idan ya wuce iyakar da aka gindaya, wadda ba ta wuce ƴan gomiyoyin maikiron ba, samfurin ya faɗi. Awa 4,000 wata biyar da rabi ne. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su jira wata biyar da rabi don su ƙirga zare.

A yawancin gwaje-gwajen kayan lantarki, zafi yana aiki kamar mai gaggauta agogo: a ƙara shi, a ga tsufan shekaru cikin makonni, a yi lissafi. Gashin kuza ya ƙi wannan dabara, domin zafi mai yawa yana iya sassauta matsin da ke haifar da shi, sai samfuri ya fito tsaf daga tanda alhali a aljihun tebur zai tsiro. Har yanzu babu lissafin da aka yarda da shi mai cewa awa kaza a ɗakin gwaji daidai take da shekara kaza a hannun mai amfani. Gwajin yana nuna wane shafe ya fi wani, amma ba ya yin alkawarin shekara goma.

A nan lamarin ya zo ƙofar gidanmu. Wanda ya ƙera waya ko rikoda yana lissafi ne da mai saye na farko, wanda zai sauya ta cikin ƴan shekaru. Mu kuwa sau da yawa mu ne masu saye na biyu ko na uku. Kwamfutocin ofisoshinmu, da na'urorin asibiti da ake kawo mana kyauta bayan sun gama aiki a wani wuri, da injin juya wutar sola da muke fatan ya yi shekara goma sha biyar, duk suna rayuwa ne a shekarun da gwaji bai leƙa ba, cikin zafin bazara da laimar damina da sanyin hunturu. Gaskiya ne yawancin na'urorinmu hauhawar wuta da ƙura da zafi ne ke kashe su tun kafin wani gashi ya tsiro. Amma lalacewar da ke zuwa a hankali, ta gashin kuza ce ko ta tsagewar liƙi ko ta bushewar wasu kayan ciki, a hannun mai riƙe abu da daɗewa take bayyana.

Saboda haka ina ganin wanda ke sa hannu a takardar sayen firjin ajiye rigakafi ko na'urar iskar numfashi yana da tambayoyi da suka wuce ta farashi. Shekara nawa aka ƙera ta ta yi, kuma nawa ta riga ta ci? An lulluɓe allonta? Wane gwaji aka yi wa kayan cikinta, ina takardarsa? Mai sayarwa na gari zai iya amsawa. Jami'o'inmu masu sassan injiniyancin ƙarafa ma suna da aiki a gabansu da ba ya buƙatar masana'anta: su riƙa karɓar matattun alluna daga masu gyara, su duba, su rubuta abin da ke kashe na'ura a yanayinmu. Matashin da ya gyara mini rikoda yana ganin alluna da yawa a kowane mako, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake gani.

A daren da na dawo gida na kwafe hirar zuwa wurare uku kafin in yarda in saurara. Sannan na kira mahaifiyata, na kunna mata ta waya. Muryar mahaifinta ta fito yana tsokanata kamar yadda ya saba, yana cewa in matso da abin nan kusa don ba zai maimaita ba. A cikin hirar na tambaye shi ko ya san abin da Turawa ke yi da kuzar da suke haƙowa. Ya ce an gaya musu gwangwani ake yi da ita, shi dai bai taɓa gani ba. Mahaifiyata ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in mayar baya ta sake ji.