Gwiwar Abba da Kalandar da Muka Rubuta da Fensir



Fiye da shekara ashirin ke nan ina riƙe da littafin dattijon unguwarmu a nan Kumasi. Ni ke rubuta ranar ɗaurin aure da ranar sulhu da ranar tafiya ta'aziyya, kuma da biro nake rubutawa, domin ranar da manya suka tsayar ba a cika ɗaga ta ba. Bara ne aka kawo mini wata kalandar da biro bai dace da ita ba, kuma labarinta nake son in ba ku.

Ɗan ƙanena ne ya kawo ta. Sunan mahaifinmu aka sa masa, don haka Abba muke ce masa. Ubansa ya rasu yana da shekara tara, a hannuna ya tashi, yanzu ya haura talatin yana aikin kwamfuta a wani ofis. Wasan da ya ɗaukar wa ransa shi ne tirayatalon, wato tsere uku a jere ba hutu: iyo mita 1,500, keke kilomita 40, sannan gudu kilomita 10. A birnin San Diyego na Amurka aka soma shi a 1974, ya shiga gasar Olimfik a Sidni a 2000. Abba ba ya samun ko sisi a ciki, hasali ma albashinsa yake zubawa. Ranakun Asabar yakan tafi tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga gari, ya yi ta iyo kusa da masuntan da ke kamun kifi a kan gungumen katako. Na sha yi masa ba'a cewa ban taɓa ganin mai hankali yana gudu ba kura a bayansa ba. Sai ya yi dariya ya ce, “Baffa, kurar a cikin ƙirji take.”

A watan Oktoba na 2024, cikin damina ta biyu, akuya ta gitta masa a hanya yana bisa keke. Ya dire ƙafar dama don ya tsaya, ƙafar ta kafe a laka, jiki ya juya, ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwa. Kafin magariba ta kumbura kamar ƙwarya. Ni na matsa a kai shi wurin maɗori, wani tsoho da ya ɗora rabin yaran unguwarmu. Ya lallatsa, ya girgiza kai, ya ce, “Malam, ƙashi lafiya lau yake. Abin da ya tsinke can ciki ne, hannuna ba ya kaiwa. Ku tafi asibiti.” Allah ya saka masa da alheri, da ya so karɓar kuɗinmu da ya karɓa.

Hoton MRI ya gaskata tsohon. Likita ya bayyana mana cewa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa, ta gaba ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ita ce kuwa ta tsinke. Ba ta cika haɗewa da kanta ba, don haka ake yanko wata jijiya daga bayan cinya a dasa a gurbinta. An jira kumburi ya saɓe, ƙafa ta miƙe, sannan aka yi aikin a Disamba. Likita ya ce kada ya yi tunanin komawa gasa kafin wata tara.

Mako uku bayan aikin Abba ya shigo ɗakina da sanduna biyu da takarda a hammata. Tsarin shekarar 2025 ne da ya zana tun kafin haɗarin. Ya nuna mini yadda suke yi: a fara daga ranar gasa a ƙirgo baya, mako uku ana ƙara nauyin atisaye, na huɗu a sassauta, watannin hunturu a tara ƙarfin numfashi, sannan a riƙa haɗa keke da gudu a zama ɗaya domin ƙafa ta saba, mako ɗaya ko biyu na ƙarshe kuma a rage komai. Na yaba wa tsarin a raina, domin ashe wasan da nake rainawa yana da lissafi. Ya ce, “Baffa, kai ka iya ƙirgen kwanaki. Akwai gasar da abokaina za su yi a Mayu. Gyara mini wannan ta kai ni can.”

Na ƙirga da yatsu a gabansa, daga Disamba zuwa Mayu wata biyar. Ya ce jikinsa ba irin na kowa ba ne. Na ce mu je mu tambayi likitan gashi tare. Abin da mutumin nan ya faɗa bai bar kaina ba har yau. Ya ce jijiyar da aka dasa takan yi rauni a cikin watanni biyu zuwa uku na farko, lokacin da jiki ke sake gina ta yana shigar mata da hanyoyin jini, kuma daidai wannan lokacin ne ciwo yake tafiya, mutum ya ga kamar ya warke. Ya ce shi ba ya duba kwanan wata, abin da ƙafa ta iya yake dubawa.

Nan take na tuna makarantar allo. Malaminmu bai taɓa cewa ranar Alhamis za a wanke allo ba. Yaro zai biya karatunsa, in ya zauna daram a wanke a rubuta na gaba, in da gargada ya koma ya maimaita ko da sa'o'insa sun wuce shi da izu guda. Na ce wa Abba haka za mu rubuta tasa. Na ajiye biro na ɗauko fensir, na shafe ranakun, na jera sharuɗɗan da likitan gashi ya ba mu. Allo na farko, ƙafa ta miƙe sarai kamar 'yar'uwarta, naman cinya ya riƙa ɗaurewa in an umarce shi. Na biyu, tafiya ba sanda ba ɗingishi. Na uku, keken da ake tuƙawa a tsaye wuri ɗaya. Na huɗu, iyo, amma ban da iyon kwaɗo, domin yana murɗa gwiwa. Na biyar, gudu, shi ma sai babu kumburi kuma ƙarfin ƙafar ya kusa na ɗayar. Kowace Juma'a nakan auna cinyoyinsa biyu da awon tela in rubuta, domin ta daman ta rame ƙwarai. Azumi ya faɗo a Maris, muka sa shi a matsayin watan riƙe abin da aka samu, ɗan motsi kaɗan bayan asham, ba ƙari.

Bayan ƙaramar Salla abin da nake tsoro ya faru. Abokansa suna ta sa hotunan atisaye a Facebook, shi kuwa yana kan allo na huɗu. Wata asuba ya sulale ya yi gudun kilomita biyar. Da daddare na tarar da shi ya ɗaure ƙanƙara a gwiwa, ta sake kumbura. Na tambaye shi, ya ce tsani ya hau. Na ce, “Abba, ni za ka yi wa ƙarya?” Na faɗa masa maganganu masu zafi, har na ambaci mahaifinsa, abin da nake nadama. Allah ya taimaka dashen bai tsinke ba, amma mako uku suka tafi a banza, muka koma allo na uku.

A cikin waɗannan makonni na lura ya daina zuwa masallaci. Da na matsa masa sai ya ce kunya yake ji ya zauna a kujera a gefen sahu tare da tsofaffi, yara suna kallonsa. Ashe abin da ya fi ci masa rai ke nan, wata biyar goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Na tuna masa abin da ya karanta a Ahalari yana yaro, cewa wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, wanda ya kasa zama ya kishingiɗa, kuma sallarsa cikakkiya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Baffa, kai fa? Shekara biyu ina ganinka kana dafa bango in za ka tashi daga sujada, kana cije baki. Wa ka gaya wa?” Ban sami amsa ba. Girman kan da nake zarginsa da shi ashe a wurina ya gada. Mako na gaba na bi shi wurin likitan gashi, aka ce guringuntsin gwiwata ne ya fara cinyewa, aka ba ni nawa allon. Yau da asuba ma na tuƙa keken tsaye na minti ashirin, almajirai suna leƙe ta taga suna dariya.

Gasar Mayu ta wuce ba shi. A ƙarshen Yuli, a sallar la'asar, na ji motsi a gefena, na ga ya ture kujera ya durƙusa a hankali har goshinsa ya sauka. Bayan sallama bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. A Satumba ya shiga wata gasa ta karɓa-karɓa, inda mutum uku ke raba tseren: shi ya yi iyo, abokinsa ya hau keke, na uku ya yi gudu. Na je na tsaya a bakin ruwa da babbar rigata, karo na farko a rayuwata.

Na rubuta wannan ne saboda samarinmu masu ƙwallo da dambe da kokawa, waɗanda nake gani suna ɗaure gwiwa da tsumma su koma fili bayan mako biyu don kada a ce sun yi laushi, da kuma iyayen da ke ganin tafiyar ciwo ita ce warkewa. A je a duba, a bi matakan da aka gindaya, kada a wanke allon da bai zauna ba.

Kalandar 2026 tana kan teburina kusa da littafin Maigida. Azumi zai kama a Fabrairu, mun riga mun kewaye shi. Gurbin cikakken tseren kuwa har yanzu fari ne, saura gwajin tsalle da ƙafa ɗaya da likitan gashi zai yi masa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.