Kolin Koliyo da Mai Binciken da Ba Mu Rubuta Ba

A shekarar 1969, wadda a cikinta Amurkawa suka taka duniyar wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Manazarta sun saba sallamar littafin da jumla guda, a ce shi ne ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa, sai a wuce. Mu da muka karanta shi muna yara a Makarfi ba mu ga baƙuncinsa ba. Kilba yaro ne irinmu, Kolin Koliyo kuwa, da ya tafi da shi sararin samaniya, a wurinmu aljani ne da ya sake suna. Tun a 1934 Gandoki na Bello Kagara ya riga ya kai mai karatu duniyar aljannu, Dembo sai ya juya akalar tafiyar zuwa taurari.

A Amurka irin wannan adabi a mujallun arha ya girma: Weird Tales daga 1923, da Amazing Stories ta Hugo Gernsback daga 1926. Takardarsu mara aminci ce, marubutan kuma da ƙidayar kalma ake biyansu, shi ya sa suke rubutu kamar ana korarsu. Wanda ya fi jan hankalina a taurarin wannan fanni shi ne mai binciken gaibu. Seabury Quinn ya rubuta labaran Jules de Grandin sama da 90. Kafin shi, a Ingila, William Hope Hodgson ya ƙago Carnacki a 1910, mutumin da ke shiga gidan da ake cewa da fatalwa, ɗauke da kyamara da na'urar lantarki. Wani lokaci ya tarar da fatalwar, wani lokaci ya tarar ɗan'adam ne ke yaudara. Daɗin labarin yana cikin wannan rashin tabbas.

To, ina namu? A rayuwa muna da shi. A ƙauyukan Kudan da Ikara na sha ganin an yi sata an nufi mai bugun ƙasa tun kafin a tuna da 'yan sanda. Yana tambaya, yana lura da fuskoki, sau da yawa ya san ɓarawon tun bai zana ƙasa ba. Ga tauraro a shirye, amma zubenmu bai ba shi wannan matsayi ba. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East akwai asiri, sai dai Abubakar fansa yake nema, ba gano gaskiya ba. A littattafan jarumta irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini matsafi abokin gaba ne da takobi zai raba shi da duniya. A ganina dalilin na aƙida ne: marubuci Bahaushe ba zai ɗora boka a kujerar gwarzo ya kwana lafiya da masu karatunsa ba, don haka dole bokan ya tuba ko ya halaka kafin shafin ƙarshe. Wannan hasashena ne, kuma zan so wani ya ƙaryata ni da littafi a hannu.

Littafin ne fa wuyar samu. Muhawarar Adabin Kasuwar Kano da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka tafka a shekarun 1990 ta fi karkata ga soyayya, labaran tsafi da ban tsoro suka zauna a gefe. Masu sha'awar Weird Tales sun tattara fitowarta sun jera marubutanta ɗaya bayan ɗaya. Namu an buga su a takarda mai saurin ruɓewa, gara ta ci wasu, an ƙunshe ƙosai da wasu, da yawa kuma ko shekarar bugu ba a rubuta a kansu ba.