Zuri'ar da Sarki Ya Haramta wa Sunanta

Jama'a, ashe ana iya ƙwace wa mutum sunan ubansa! A wata 'yar maƙabarta da ke ƙauyen Balquhidder, can cikin tsaunukan Sikotland, na tsinci wannan labari, ina tsaye a kan kabarin Rob Roy MacGregor da ya rasu a 1734. Mutumin da duniya ta sani da MacGregor, da sunan dangin uwarsa, Campbell, ya yi ta sa hannu a takarda, don doka ta hana shi nasa. Tsigar jikina ta tashi.

Daga nan ban zauna ba sai da na bi diddigi. MacGregor na nufin ɗan Gregor, kuma zuri'ar na ikirarin jinin sarauta ne a jikinsu, daga gidan Sarki Alpin. Kwarin Glen Orchy da Glen Strae ne tushensu, amma maƙwabtansu 'yan Campbell, masu kusanci da fada, suka riƙa cinye musu ƙasa da takardun mallaka har 'yan MacGregor suka koma 'yan haya a gonakin kakanninsu. Wanda aka matse kuwa, ai sai ya yi cizo. Suka shiga harin shanu.

Sai ga Fabrairun 1603. A kwarin Glen Fruin suka gwabza da zuri'ar Colquhoun, suka kashe musu mutane sama da 100. Sarki James na Shida ya fusata, ya ce a shafe sunan MacGregor daga doron ƙasa. Duk wanda ya amsa shi, kisa! A 1604 aka rataye shugabansu, Alasdair na Glen Strae, a Edinbara tare da manyan mutanensa. Aka hana sauran 'yan zuri'ar taruwa fiye da mutum huɗu, aka hana su riƙe makami sai wuƙa marar tsini ta yanka nama a akushi. Abin da ya fi sosa mini zuciya shi ne dokar 1633, wadda ta hana limaman coci raɗa wa jariri suna Gregor. Ku ƙaddara a ce ranar suna an taru, ga goro ga rago, liman ya ce hukuma ta hana a mayar da sunan kaka. Wane irin zalunci ne wannan!

'Yan MacGregor suka ɓuya cikin sunayen wasu: Murray, Graham, Drummond, Grant. A 1661 Sarki Charles na Biyu ya ɗage haramcin, a 1693 aka maido shi, bai kau gaba ɗaya ba sai 1774. Kuma wallahi ba su manta ba, ɗaruruwansu suka fito suka ce su MacGregor ne. Da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara a 1822, su aka ba rakiyar kambin sarautar Sikotland a titunan garin da aka rataye shugabansu.