Kunun Gero a Fadar Kolditz

A ƙarshen shekarun 1990 na yi zaman karatu a Leipzig, can gabashin Jamus, lokacin ƙasar ba ta daɗe da haɗewa ba, gari duk ƙura da ƙarar injinan gini. Hausawan garin ba mu cika cikin cokali ba. Babbanmu wani mutumin Damagaram ne da ya zo karatun injiniya tun zamanin gwamnatin kwaminisanci, ya yi aure ya zauna. Yaya muke ce masa. Shi ke da mota, don haka shi ke yanke inda za a je ranar Lahadi, mu namu bi. Ta haka na san Kolditz.

Garin ƙarami ne, tafiyar kamar awa guda, a bakin kogin Mulde. Fadar tana bisa tsauni, ta yi wa gari rumfa. Asalinta ya kai ƙarni na 11. Gobara ta cinye ta a 1504, sarakunan Saksoni suka sake gina ta, suka riƙa sauka in sun fito farauta. Da sarauta ta juya mata baya sai ta zama ma'ajiyar waɗanda ba a son gani: gidan matalauta daga 1803, asibitin masu taɓin hankali daga 1829, kurkukun 'yan adawa da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta sake komawa asibiti da gidan tsofaffi har 1996. Sa'ad da muka je, fenti na ɓarewa daga bango, wasu ɗakunan a kulle. Amma baƙin da suka cika ƙofa, galibinsu dattawan Ingila da matansu, shekara biyar kacal suka zo nema daga cikin wannan dogon tarihi, wato 1940 zuwa 1945, lokacin da aka tsare hafsoshin sojan ƙawance a ciki.

Tsakar gidan fursunonin ce ta fi tsaya mini a rai. An daɓe ta da duwatsu masu santsi, ta ɗan gangara, gine-gine masu hawa da yawa sun kewaye ta ta ko'ina, tagogi duk da sandunan ƙarfe. Taku kaɗan za ka yi ka ci karo da bango. In ka ɗaga kai, ɗan yankin sama kawai za ka gani, rana kuwa sai ta kai tsaka take leƙowa. A nan ɗaruruwan maza suke jeruwa a ƙidaya su safe da yamma, a nan suke zagaye don miƙe ƙafa.

Dabarar Jamusawa ita ce su tattara duk hafsan da ya taɓa tserewa daga wani sansani su kulle su wuri guda, kan dutse, fiye da kilomita 600 daga iyakar Suwizalan. Ashe makarantar koyon gudu suka buɗe. 'Yan Folan, Faransawa, 'yan Holan, 'yan Beljiyam da Ingilishi, kowa ya zo da gwanintarsa, ga lokaci har ya yi yawa. Mutum talatin da 'yan kai suka kuɓuta gaba ɗaya. Na farko Bafaranshe ne, Alain Le Ray, a Afrilun 1941. 'Yan Holan suka ƙera mutum-mutumi biyu, suka sa musu riga da hula, suna tsayar da su cikin sahu lokacin ƙidaya don a rufa wa waɗanda suka fice asiri. Faransawa suka faro rami daga hasumiyar agogo, suka bi ta ƙarƙashin coci, mita 44, kafin a gano shi a Janairun 1942. A cikin watan ne Airey Neave da wani ɗan Holan, Tony Luteyn, suka bi ta ƙarƙashin dandalin wasan kwaikwayo, suka fita ta gaban masu gadi sanye da kakin hafsoshin Jamus na jabu. A ɗan gidan tarihin da ke fadar mun ga irin waɗannan kaya: takardun tafiya da aka zana da hannu har da hatimi, igiyar zanen gado, kakin da aka rina. Hafsan tsaron fadar, Reinhold Eggers, tsohon malamin makaranta ne, shi ya fara tara abin da aka kama yana ɗaukar hotonsa don koyar da masu gadi.

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne gaban hoton jirgin. A ƙuryar sama, can ƙarƙashin rufin cocin, Bill Goldfinch da Jack Best da abokansu suka yi bangon ƙarya, suka ɓuya a bayansa suna ƙera jirgin sama mara inji mai ɗaukar mutum biyu, faɗin fukafukansa kusan mita 10. Lissafin daga wani littafin ƙirar jirage suka samo shi a ɗakin karatun kurkukun. Katakon daga gadaje da daɓen ɗaki, wayoyin sarrafawa daga wayar lantarkin ɗakunan da ba kowa. Suka lulluɓe shi da yadin shimfiɗa mai zanen shuɗi da fari. Saura abin da zai sa yadin ya ɗame ya hana iska wucewa. Sai suka dafa geron da ake ba su a abinci, suka shafe jirgin da kunun, kamar yadda mai wanki da guga ke yi wa shadda sitaci. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ka ji fa, Malam," in ji shi, "geron da muka raina." Shirinsu shi ne su cika bahon wanka da kankare, su sake shi daga sama, nauyinsa ya fizgi jirgin daga kan rufi ya tsallake kogi. Bai taɓa tashi ba, domin sojojin Amurka sun iso ranar 16 ga Afrilun 1945. Hoto ɗaya tak aka yi masa, wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Lee Carson, ta ɗauka. Daga baya aka ƙera irinsa a Ingila, ya kuwa tashi a shekarar 2000.

Da muka fito, mai zagayawa da mu tana ba da labarin Pierre Mairesse-Lebrun, wanda abokinsa ya ɗaga shi ya tsallake waya a filin motsa jiki a 1941, ya bar takarda a ɗakinsa cewa a aika masa da kayansa, Jamusawa kuma suka aika. Dattawan suka yi ta shewa. Yaya bai yi ba. Ya juyo gare ni da Hausa ya ce, "Ƙanena, duk wannan wasan da suke yi, wa ke wanke musu kwanuka?"

Tambayar tana da amsa. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta hana a sa hafsa aikin ƙarfi, ta ce a biya shi albashi, in ya gudu aka kamo shi kuma horonsa kada ya wuce kwana 30 a keɓe. Ga ƙunshin abinci na Red Cross yana zuwa. Shara da wanki da goge takalma kuwa kuratan sojoji ne, su ma fursunoni, aka kawo su don yi wa manya hidima, kuma ba a sa su cikin shirin gudu. Douglas Bader, matuƙin jirgin nan mara ƙafafu da Ingila ke taƙama da shi, yana da mai hidima, Alec Ross, wanda ke goya shi a matakala. Da dama ta zo a mai da Ross gida cikin musayar fursunoni, Bader ya ƙi, bawan Allah ya zauna har ƙarshen yaƙi. Faransawa Yahudawa, cikinsu har da ɗan tsohon firaminista Léon Blum, ware su aka yi gefe guda, da sa hannun wasu 'yan uwansu Faransawa. A ƙasan tsaunin kuma, cikin garin, akwai sansanin aikin bauta na kamfanin makamai na HASAG, inda Yahudawan Hangari ke mutuwa a watannin ƙarshe na yaƙin.

Ba na rage wa mutanen fadar komai. Zaman shekara biyar a wannan tsakar gida ya taɓa hankalin wasu, kuma an harbe Michael Sinclair har lahira a Satumban 1944 yana ƙoƙarin tsallake waya. Sai dai jarumtarsu tana da doka a bayanta, dokar kuma ba ta kai ga kowa ba. Fursunonin Tarayyar Sobiyet kusan miliyan 3 suka mutu a hannun Jamus, dubun-dubatarsu a Zeithain, cikin wannan jiha ta Saksoni. A mota Yaya ya ɗauko zancen sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗiba, har da na ƙasarsu. Waɗanda aka kama a 1940 Jamusawa ba su ma yarda su zauna a ƙasar Jamus ba, a sansanonin Faransa aka tsare yawancinsu, Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Senegal, na cikinsu. Ya ba ni labarin Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, wanda aka kama a Airaines a Yunin 1940. Ya ce shi hafsa ne, a tsayar da shi tare da hafsoshi, aka harbe shi nan take. Da fari ne, irinsa ake kaiwa Kolditz.

Matar da nake haya a gidanta, da na gaya mata inda muka je, cewa ta yi, "Asibitin?" Goggonta a can ta ƙare kwanakinta. Labarin jirgi da rami a bakin 'yan yawon buɗe ido ta fara jinsa bayan faɗuwar katangar Balin, alhali a Ingila tun littafin da tsohon fursunan fadar Pat Reid ya rubuta a 1952 da fim ɗin 1955 da wasan talabijin na BBC a shekarun 1970 yara suka haddace shi. Yanzu an gyara fadar, an yi mata farin fenti, ɓangaren da masu gadi suka zauna ya zama masaukin matasa. An kuma yi wurin tunawa da majinyata 84 da aka bari yunwa ta kashe a 1938 da 1939.

Akwai wanda ban ji sunansa ba ranar, sai a littafin Ben Macintyre na 2022. Birendranath Mazumdar likita ne ɗan Indiya a rundunar Birtaniya, shi kaɗai ne Ba'indiye a fadar. Hafsoshin Ingila suka sa masa sunan raini, suka ce da launin fatarsa ina zai je. Jamusawa suka kai shi Balin wajen Subhas Chandra Bose, ɗan gwagwarmayar 'yancin Indiya da ke tare da Jamusawa, don ya sauya sheƙa, ya ce ya riga ya yi rantsuwa. Da ya dawo ya shiga yajin cin abinci har aka mai da shi sansanin Indiyawa a Faransa. Daga can ya gudu, ya isa Suwizalan a 1943, bayan yaƙi ya ci gaba da aikin likita a Birtaniya.